Hodar da ta ƙi yin kore: tambayar wata ɗaliba kan silikat ɗin tutiya mai manganis

'Yar Samaru:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina neman shawararku kan wani aiki da ya tsaya mini cak tun makonni uku da suka wuce. Ina ajin ƙarshe a fannin kimiyyar sinadarai, kuma aikin da na zaɓa shi ne haɗa hodar silikat ɗin tutiya, wato Zn2SiO4, wadda ake sa wa manganis kaɗan domin ta riƙa ba da koren haske idan hasken altarabayolet, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kanta. Burina shi ne in samo silikar daga tokar ɓuntun shinkafa maimakon in saye ta, tunda ɓuntun yana nan tuli a bayan injinan casa babu mai waiwayarsa. Na ƙona ɓuntun a cikin wani tsohon daro na ƙarfe har ya zama toka, na niƙa tokar tare da oksayid ɗin tutiya da kabonet ɗin manganis a turmin ɗakin gwaji, sannan na gasa haɗin a digiri 900 na tsawon awa biyu. Abin da ya fito hoda ce mai ruwan ƙasa-ƙasa. Na kashe fitilu, na rufe taga da bargo, na haska ta da 'yar fitilar duba jabun kuɗi da na aro wurin mai shagon layinmu, amma ban ga ko alamar kore ba. Don Allah a ina na kuskure?

Malamin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗalibarmu. Shawarata ita ce ki ajiye maganar ɓuntu a gefe, ki nemi tsarkakakkiyar silika ta kwalba ki yi aikinki da ita. Hodoji masu ƙyalli ba sa jure datti ko kaɗan, kuma tokar da aka ƙona a fili ba za ta taɓa kai tsaftar da ake bukata ba. Lokaci yana tafiya, kuma gara ki samu sakamako mai kyau da kayan saye da ki ƙare shekara kina fama da toka.

Ɗan Basawa:
Malam, ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda laifin na ɓuntu ba ne. Tokar ɓuntun shinkafa tana cikin mafi wadatar silika da tsiro ke bayarwa, domin idan an ƙona shi yadda ya dace silikar takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na tokar ko ma ta haura. Wani abin kuma, idan ba a bar wutar ta wuce digiri 700 ba, silikar ba ta daskarewa ta zama ƙanƙararren dutse, tana zama sako-sako, kuma irin wannan ta fi saurin haɗuwa da tutiya fiye da niƙaƙƙen yashi.

Ni abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne digiri 900. Ƙanwata, haɗa gari da gari ba kamar zuba ruwa cikin ruwa ba ne. Ƙwayoyin tutiya sai sun ratsa cikin ƙwayoyin silika a hankali kafin sabon ginin ya tsaya, kuma shi wannan silikat ba ya narkewa sai wajen digiri 1500, saboda haka masu haɗa shi ta wannan hanya sukan gasa tsakanin digiri 1100 zuwa 1300 na sa'o'i, wani lokaci su fito da shi su sake niƙawa su mayar. A digiri 900 na awa biyu, ina kyautata zaton yawancin abin da ke hannunki har yanzu oksayid ɗin tutiya ne da bai shiga ko'ina ba. Shi kuwa oksayid ɗin tutiya aikinsa shanye altarabayolet, shi ya sa ma ake sa shi a man shafawa na kare fata daga rana, don haka ko da ɗan silikat ya samu, ragowar tana tare masa hasken kafin ya iso gare shi. Nawa kika auna na manganis?

'Yar Samaru:
Na gode, Dakta. A cikin haɗin giram 10 na sa giram 1 na kabonet ɗin manganis. Na ɗauka tunda shi ne ke ba da hasken, ƙara shi zai ƙara haske.

Ɗan Basawa:
To, a nan ne launin ruwan ƙasar ya samo wani ɓangare na asalinsa. Manganis a wannan hoda kamar gishiri yake a miya, akwai iyakar da in ya wuce ta sai ya ɓata tukunyar gaba ɗaya. Bari in yi miki lissafin yadda nake yi. Giram 10 na Zn2SiO4 zalla yana bukatar kusan giram 7.3 na oksayid ɗin tutiya da giram 2.7 na silika. Idan kina so manganis ya maye gurbin tutiya 2 cikin kowane 100, sai ki rage oksayid ɗin zuwa kusan giram 7.16, ki sa kabonet ɗin manganis giram 0.2 kacal. Ke kin sa ninki biyar na wannan.

Dalilin da yawa ke kashe haske shi ne, idan ƙwayoyin manganis suka yi kusa da juna, ƙarfin da ɗaya ta karɓa ba ya fita a matsayin haske, sai ta miƙa wa maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa gaba, har ya faɗa wani gurbi mai aibu a cikin ginin ya ƙare a matsayin zafi. Ban da haka, manganis ɗin da bai samu gurbi ba, idan ya gasu cikin iska, yakan tashi daga mai caji 2 zuwa mai caji 3, ya haɗu da tutiya su yi wani oksayid mai duhu. Mu kuwa mai caji 2 kaɗai muke nema. Hoda mai kyau fara ce tas a hasken rana, ko fara mai ɗan sirkin kore, kuma duk wadda ta fito da ruwan ƙasa ta riga ta gaya miki labarinta tun kafin ki kashe fitila.

Baba na Ƙofar Doka:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma Dakta ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da kowa ya tsallake wanda ni shi ya fi damuna, wato daron nan. 'Yata, na yi shekaru masu yawa ina aikin ɗakin gwaji kafin in yi ritaya, kuma abin da aka fara koya mana game da irin waɗannan hodoji shi ne baƙin ƙarfe dafi ne a gare su. Ƙarfe da nikel da kobal, ɗan abin da ido ba zai gani ba ya isa ya dusashe hasken. Kin ɗora ɓuntu a kan daro mai tsatsa, kin hura masa wuta, kila kuma kin juya shi da cokali ko wani guntun rodi, to tsatsar nan tana cikin tokarki. Ko da kin gyara zafi kin gyara awo, muddin tokar nan za ki sake amfani da ita, ba na jin za ki ga abin da kike nema.

Hanyar da na sani ita ce a wanke ɓuntun sosai a cire ƙasa, a jiƙa shi a ruwan asid haidirokulorik mai sauƙi a ɗan dafa, a ɗauraye da tataccen ruwa har tsamin ya fita, a shanya, sannan a ƙona a kaskon alumina ko na tangaran a digiri 600 zuwa 700. Asid ɗin yana fitar da ƙarfe da kuma fotasiyam, wanda shi ne ke sa toka ta narke ta kulle gawayi a cikinta ta fito toka-toka. Idan kin yi daidai, tokar za ta fito fara kamar garin alabo, mara nauyi, har numfashinki ma yana iya tashinta, don haka ki rufe hancinki.

Malamin Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ai maganarka tana ƙarfafa tawa ce. Duk wannan wanki da jiƙo da dafawa domin a samu abin da ake sayarwa a kwalba tsarkakakke. Ni ban ce ɓuntu ba shi da silika ba, na ce hanyarsa tana da ƙofofin kuskure da yawa ga ɗalibar da ke da 'yan watanni.

Baba na Ƙofar Doka:
Malam, na fahimce ka, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da zan yarda da shi shi ne ta yi duka biyun a gashi ɗaya, kasko ɗaya da silikar kwalba, kasko ɗaya da ta ɓuntu, awo ɗaya, wuta ɗaya. In na kwalba ya yi haske na ɓuntu bai yi ba, mun san inda matsalar take. In duka suka ƙi, sai mu koma kan tanderu.

Injiniyan Sabon Gari:
Ku gafarce ni in sa baki, ni ba masanin sinadarai ba ne, gyaran rediyo da talabijin na gada kuma shi nake yi. Har yanzu akwai wata tsohuwar na'urar duba siginar lantarki a shagona, mai zagayen gilashi, wadda idan na kunna ta sai wani koren layi ya fito yana rawa, kuma idan na kashe ba ya ɓacewa nan take a idona. Shin wannan hodar ce a bayan gilashin? In haka ne, ashe ita ce kuma koren da ke cikin tsoffin talabijin masu ƙeya da muka yi ta fasawa muna zubarwa?

Ɗan Basawa:
Injiniya, tambayarka ta farko amsarta kusan e ce. Wannan hoda ita ce aka yi wa lamba P1 a jerin hodojin da ake shafa wa gilashin irin waɗannan na'urori, wato ita ce ta farko a jerin, kuma tsoffin na'urorin duba sigina da yawa da ita aka yi su. Sai dai waɗanda aka ƙera daga baya sun fi amfani da wata mai suna P31, wadda salfayid ɗin tutiya ce mai jan ƙarfe, don haka sai ka duba lambar da ke jikin kwalbar gilashin. Game da talabijin kuwa, na farko masu launi da aka yi a Amurka a shekarun 1950 sun yi amfani da silikat ɗin nan a matsayin kore, amma daga baya aka koma kan salfayid saboda ya fi haske, kuma yawancin waɗanda suka iso shagonka na salfayid ne. Silikat ɗin ya sake dawowa a zamanin talabijin na filasma, inda iskar zenon ke ba da altarabayolet mai tsawon zango nanomita 147 da 172 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kuma tsawon zangon ne ke bambanta launuka), shi kuma ya mayar da shi kore.

Maganar da ka yi cewa layin ba ya mutuwa nan take ita ce zuciyar al'amarin, kuma ina so ƙanwata ta riƙe ta domin za a tambaye ta ranar kare aiki. Manganis mai caji 2 yana da ilektaron guda 5 a zagayensa na waje, kuma a zaman hutunsu duk suna fuskantar gefe guda. Idan ƙarfi ya shigo, ɗayansu sai ya juya, kuma komawarsa daidai ba ta zuwa da sauƙi a bisa ƙa'idojin da ke tafiyar da waɗannan ƙwayoyi, don haka yakan ɗauki kimanin kashi 1 cikin 100 na sakan kafin ya saki haskensa. A ma'aunin ƙwayar zarra wannan jinkiri ne mai tsawo ƙwarai, domin wasu hodojin na yuropiyam ko seriyam suna sakin nasu cikin abin da bai kai kashi 1 cikin miliyan na sakan ba. Ga na'urarka jinkirin alheri ne, yana sa layin ya zauna ido ya gan shi. Ga masu talabijin na filasma kuwa ciwon kai ya zame musu, saboda hoton da ke gudu yakan bar koren sawu a bayansa, kuma ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce ƙara manganis kaɗan domin a gajarta jinkirin, ko da an yi asarar wani abu na haske.

'Yar Samaru:
Dakta, akwai abin da ban gane ba. Na karanta cewa manganis ɗin nan a wasu duwatsu ja yake bayarwa ko ruwan lemo. In shi ne mai hasken, me ya sa launinsa ke sauyawa?

Ɗan Basawa:
Domin launin ba nasa ba ne shi kaɗai, na mazauninsa ne tare da shi. A cikin wannan silikat, kowace ƙwayar tutiya tana zaune ne tsakanin ƙwayoyin oksijin guda 4, haka ma silikon, kuma manganis idan ya shigo kujerar tutiya yake hawa tunda cajinsu ɗaya ne kuma girmansu ba shi da nisa. Matsin da oksijin 4 ke yi masa mai sauƙi ne, sai hasken ya fito a wajen nanomita 525, wato kore. A dutsen kalsayit kuwa oksijin 6 ne ke kewaye da shi, matsin ya fi ƙarfi, tazarar da ilektaron ke faɗowa ta ragu, sai hasken ya karkata zuwa ja. Akwai wurin da ake ganin duka biyun a dunƙule ɗaya, wato ma'adinan Franklin da Sterling Hill a jihar New Jersey ta Amurka, inda dutsen da ke da muni da rana yake zama kore da ja a ƙarƙashin fitila. An rufe mahaƙar Franklin a 1954, ta Sterling Hill a 1986. Sunan dutsen da ke ba da koren, wato silikat ɗin tutiyar nan, wilamait, kuma Armand Lévy ne ya raɗa masa shi a 1830 domin girmama Sarki Willem na Ɗaya na Holan, bayan an same shi a yankin Moresnet da ke Beljiyam ta yau.

Wannan ya kawo ni kan fitilar mai shagonku. Fitilar duba kuɗi tana ba da haske ne wajen nanomita 365 zuwa 395, kuma wannan hoda kaɗan take amsa shi. Abin da take so shi ne gajeren nan na nanomita 254 da tururin zaiba ke bayarwa, irin na fitilar kashe ƙwayoyin cuta ko fitilar duba faranti a ɗakin gwaji. Ki sa tabarau na kariya, kada ki kalle ta kai tsaye, kada kuma ki bar ta a kan fatarki, domin tana ƙona ido kamar walƙiyar walda.

Mai Tukwane ta Palladan:
Ina bin wannan magana da sha'awa, domin ashe abin da kuke nema a hoda mu muna nemansa a jikin tangaran. Akwai wani shafe da muke yi mai yawan tutiya da silika, a kai wuta sama da digiri 1250 har ya narke, sannan a sauko wajen 1100 a riƙe na sa'o'i, sai wasu furanni su tsiro a jikin tulun kamar an zana su da allura. Furannin nan wilamait ne. Idan muka sa kobal sai su fito shuɗi mai zurfi, kuma yanzu da Dakta ya yi bayani na gane cewa kujerar tutiyar nan ce kobal ɗin ke hawa. Ƙanwata, abin da zan ƙara miki daga aikinmu shi ne kada ki yarda da lambar da tanderu ke nunawa sai kin gwada, domin na sha ganin wanda ke nuna 1200 alhali cikinsa bai kai ba, musamman idan wutar lantarki ta yi rauni ko aka ɗauke ta a tsakiyar gashi.

Injiniyan Sabon Gari:
Na ƙaru sosai. Amma ina da tambayar da nake jin nauyin yi. Yau duk kasuwa ƙwan LED ne, dogon ƙwan nan na da ko tambayarsa ba a yi, filasma ma ta wuce. Me ɗaliba za ta amfana da haɗa hodar da zamaninta ya shuɗe?

Baba na Ƙofar Doka:
Injiniya, da tsohuwar zuma ake magani. Farin ƙwan LED ɗin da kake sayarwa shi ma hoda ce ke ba shi fari: ƙwayar cikinsa shuɗi take bayarwa, wannan ɗigon mai ruwan ɗorawa da kake gani a kanta shi ke mayar da wani sashe na shuɗin rawaya, su haɗu ido ya ga fari. Yawanci ganet ne na itiriyam da alminiyam mai seriyam, amma akwai silikat na bariyam da sitirontiyam masu yuropiyam da ake amfani da su. Kowace cikinsu gida ne da baƙo a cikinsa, kamar silikat ɗin tutiya da manganis, ilimin ɗaya ne, kuma wanda ya iya wannan da hannunsa ya iya hanyar wancan.

Akwai kuma tarihin da nake so yaranmu su sani. Lokacin da aka fara sayar da dogon ƙwai a 1938, ana haɗa wannan silikat da beriliyam domin launin ya karkata zuwa rawaya da ja a samu fari mai daɗin gani. Ma'aikatan da ke shaƙar ƙurar suka riƙa kamuwa da ciwon huhu mai tsanani, kuma Dakta Harriet Hardy ta bayyana shi a 1946 a tsakanin ma'aikatan ƙwan lantarki a jihar Massachusetts. Zuwa 1949 aka daina sa beriliyam, aka koma kan halofosfet ɗin kalsiyam da aka ƙirƙiro a Ingila. Naki ba shi da beriliyam, 'yata, amma ƙurar silika da ta manganis ma ba abin shaƙa ba ne. Kai kuma Injiniya, yaran shagonka su daina fasa dogon ƙwai a cikin ɗaki, akwai zaiba a ciki.

'Yar Samaru:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 19. Na bi shawarar Baba, na yi kasko biyu. Tokar da na wanke da asid ta fito fara sol, har na tsaya ina kallonta. Na yi amfani da awon Dakta, na niƙa na minti 40 da ɗan barasar gwaji domin garin ya haɗu, na gasa a digiri 1200 na awa 4, na sake niƙawa na mayar na awa 2. Sau ɗaya aka ɗauke wuta, sai da na sake daga farko. Duka biyun sun fito farare. Da na kai su ƙarƙashin fitilar 254 a ɗaki mai duhu, na kwalba ya kama da kore mai ƙarfi har yana haska gefen kaskon, na ɓuntu ma ya yi kore iri ɗaya, sai dai a idona bai kai na farkon ba. Na kira mai kula da ɗakin ya zo ya gani, muka daɗe a tsaye ba mai magana. Da fitilar duba kuɗi kuwa, da ƙyar ake ganin wani abu a duka biyun, kamar yadda Dakta ya faɗa.

Malamin Tudun Wada:
Masha Allah, barka da ƙoƙari. Na karɓi cewa ɓuntu yana yi. Amma ki lura na kwalba ya fi shi, kuma wannan bambanci shi ne abin da ya kamata ki bayyana dalilinsa a rubutunki, kada ki ɓoye shi.

Ɗan Basawa:
Haka ne, Malam, sai dai kada mu yi saurin ɗora wa ƙarfe. Tokar ɓuntu ba silika ce ɗari bisa ɗari ba, kuma tana shan laima daga iska, don haka giram 2.7 nata bai kai giram 2.7 na silika ba, wataƙila an bar ragowar oksayid ɗin tutiya da ke tare haske. Ƙanwata, ki busar da tokar kafin awo, ki ƙara ta da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ki kai duka samfuran a duba tsarin gininsu da na'urar eksire a ga ko layukan oksayid ɗin tutiya suna nan. Kuma ido ba ma'auni ba ne, ya fi jin kore fiye da kowane launi, don haka ki nemi na'urar auna haske.

'Yar Samaru:
To Dakta, zan yi haka. Ina da sauran toka da za ta isa kasko huɗu. In raba ta wajen gwada yawan silika, ko in gwada manganis 1 da 2 da 4 da 6 cikin 100 in ga inda hasken ke fara raguwa?

Baba na Ƙofar Doka:
Silika tukuna, 'yata, da kasko biyu, ki bar manganis a inda yake. Sauran biyun ki adana su a kwalba mai murfi har sakamakon eksire ya fito. Ɓuntu kuma ki sake jiƙa wani tun yau, daga buhun da kika ɗebi na farko.